LIKITAN DA YA ƘIDAYA HAIHUWA 22,774 A ZARIYA

Jawabinmu na yau tarihi ne, amma tarihin da ya shafi kowane gida. Za mu ba ku labarin wani likita wanda ya zauna a Zariya, shi da abokan aikinsa suka rubuta haihuwa 22,774 ɗaya bayan ɗaya, da kuma abin da wannan lissafi ya koya wa duniya game da ran jariri, tun ba bakwaini ba. Muna roƙon masu gida su matso kusa da akwatin rediyo, gama rabin maganar tasu ce.

Wane ne bakwaini?

Bahaushe ya kan ce bakwaini ga ɗan da aka haifa a wata bakwai. A wurin ma'aikatan asibiti kuwa, cikakken ciki mako 40 ne, duk jaririn da ya zo kafin mako 37 ya cika, bakwaini ne. Akwai kuma wani wanda watanninsa sun cika, amma bai ƙoshi a ciki ba, sai a haife shi ɗan firit. In aka aza jariri a ma'auni bai kai kilo biyu da rabi ba, ko bakwaini ne ko ba bakwaini ba, to, yana bukatar kulawa ta musamman.

Abu huɗu ne ke kashe irin waɗannan jarirai. Na fari sanyi, domin ba su da kitsen da zai riƙe musu ɗumi. Na biyu rashin ƙarfin tsotson nono. Na uku wahalar numfashi, saboda huhunsu bai nuna ba. Na huɗu ƙwayoyin cuta, waɗanda su kan shiga ta cibiya ko ta hannun da ba a wanke ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi bakwaini kimanin miliyan 13.4, watau ɗaya cikin kowace haihuwa goma, Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashen da suka fi yawansu.

A zamanin iyayenmu ba mai lissafin wannan asara. Jaririn da ya koma kafin ranar suna a kan rufe shi shiru, a ce wa uwar ta yi haƙuri, dama ba mai zama ba ne. In abin ya yi ta maimaituwa sai a ce tana wabi. Haƙuri abu ne mai kyau, amma abin da ba a ƙidaya ba ba a sanin yawansa, abin da ba a san yawansa ba kuwa da wuya a binciki dalilinsa.

Mutumin Abonnema

Sunan likitan Kelsey Harrison. Wanda ya ji sunan ya yi tsammanin Bature ne, alhali kuwa ɗan Nijeriya ne, an haife shi a 1933 a Abonnema, wani gari na bakin ruwa cikin Jihar Ribas ta yanzu. Ya yi karatun likita a Badun da Landan, ya gama a 1958, sa'an nan ya ƙware a fannin masu ciki da haihuwa.

Tun yana aiki a asibitin koyarwa na Badun hankalinsa ya tafi ga ƙarancin jini. A lokacin a kan kawo mace mai ciki jininta ya ƙare ƙaf, tana haki, ƙafafu sun kumbura. In an ƙara mata jini da yawa zuciyarta ta kasa ɗauka, in an bar ta kuma ta mutu. Likita Harrison ya nuna cewa ana iya ƙara mata tataccen jini, a haɗa da magani mai sa fitsari nan da nan, don ruwa ya ragu, zuciya ta sami sauƙi. Har wa yau ya lura da abin da ya shafi jawabinmu: uwar da ba ta da isasshen jini ta kan haifi ɗa marar nauyi, da yawa kuma cikin ya kan lalace. Daga nan ya gane ba a raba maganar jariri da maganar uwarsa.

A 1972 ya zo Zariya ya zama farfesa, watau shehun malami, a makarantar likitoci ta Jami'ar Ahmadu Bello. A wancan zamani ƙasar Katsina da ta Zazzau jiha ɗaya su ke, ba a ba Katsina tata jihar ba sai 1987, asibitin Malumfashi ma yana cikin asibitocin jami'ar. Saboda haka matan da ya ke dubawa 'yan'uwanmu ne, abincinsu namu, al'adarsu tamu, sauron da ke cizonsu shi ke cizon namu.

Yadda aka yi ƙidayar

Abin da ya tarar a Zariya ya tayar masa da hankali. Ana kawo mata daga ƙauyuka bayan sun yi kwana biyu ko uku suna naƙuda, ɗa ya riga ya mutu a ciki, uwa tana bakin kabari. Kowane likita yana ganin haka, kowa kuma da dalilin da ya ke bayarwa. Shi kuwa ya ce a daina zato, a rubuta.

Daga 1976 zuwa 1979, duk macen da ta haihu a asibitin jami'a na Zariya sai an rubuta labarinta: shekarunta, tsawonta, haihuwarta ta nawa, ko ta yi makaranta, ko ta zo awo, irin wahalar da ta sha, nauyin abin da ta haifa, da kuma yadda aka ƙare, ita da ɗan. Ba a tsallake kowa ba, ba a zaɓi masu daɗin labari ba. Unguwarzomomin asibiti da ƙananan likitoci su suka ɗauki nauyin rubutun dare da rana, a zamanin da ba kwamfuta a kan tebur. Da aka tsaya an sami haihuwa 22,774. Sa'an nan aka shekara da shekaru ana tace lissafin tare da wani masanin ƙididdiga mai suna C. E. Rossiter, har aka buga sakamakon a 1985 cikin wata babbar mujallar likitocin haihuwa ta Ingila.

Abin da lissafi ya nuna

Abu na fari, kuma mafi girma, shi ne awo. Cikin matan nan, kimanin biyu cikin uku sun yi awo, ɗaya cikin uku kuwa ba a taɓa ganinsu ba sai ran da abin ya ɓaci. Mata 238 suka rasu. Cikinsu 19 kaɗai ne masu awo, sauran 219 duk marasa awo ne. Ku sake jin wannan, jama'a. Waɗanda suka fi yawa sun yi asarar 19, waɗanda suka fi ƙaranci sun yi asarar 219. Haka abin ya ke ga jarirai: waɗanda aka haifa ba rai, da waɗanda suka koma cikin makon farko, sun fi yawa ninkin ba ninki a wajen marasa awo. Asibiti ɗaya, likitoci ɗaya, gari ɗaya. Bambancin shi ne waɗansu sun zo tun da sauran lokaci, waɗansu sun zo bayan aikin gama ya gama.

Abu na biyu, shekarun uwa da yawan haihuwa. Haɗari ya fi yawa a wuri biyu: yarinya 'yar shekara 15 ko ƙasa da haka mai cikin fari, da kuma babbar mace wadda ta haura shekara 30 ta yi haihuwa da yawa. Yarinya ba ta gama girma ba, ƙugunta bai buɗe ba, kan ɗa ya kan kasa wucewa. Babbar mace kuma mahaifarta ta gaji, ta kan yi zubar jini. Amma a nan ma lissafi ya nuna abin ƙarfafa zuciya, gama yarinyar da ta yi awo ta fi wadda ba ta yi ba tsira nesa ba kusa ba, ita da ɗanta.

Abu na uku, nauyin jariri. Gwargwadon ƙanƙantar jariri, gwargwadon haɗarinsa. Abubuwan da ke hana shi nauyi kuwa yawancinsu a jikin uwa su ke: ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro, hawan jini mai kawo jijjiga, zubar jini kafin haihuwa, da cikin tagwaye. Kusan duk waɗannan ana iya gano su a wurin awo tun ba su yi ɓarna ba.

Abu na huɗu shi ne wanda ba a zata daga bakin likita ba, watau makaranta. Matan da suka yi karatu sun fi zuwa awo, sun fi zuwa asibiti da wuri, mutuwa kuma ta fi ƙaranci a cikinsu da cikin 'ya'yansu. Domin wannan Likita Harrison ya yi ta nanatawa, a rubuce da baki, cewa gina asibiti kaɗai ba ya wadatarwa, sai an ba kowace yarinya ilmi. Macen da ta iya karanta katin awonta ta san ranar komawa, ta san sunan ƙwayar da aka ba ta, tana kuma da bakin gaya wa maigida cewa yau jikin ba daidai ya ke ba.

Gwajin mata 200

Ƙidaya ta nuna ciwo, saura magani. A Zariya akwai wani shehun malami masanin jini, Alan Fleming. Shi da Harrison da Likita Nimi Briggs da waɗansu suka shirya gwaji. Suka sami mata Hausawa 200 masu cikin fari, suka kasa su kashi biyar. Kashi ɗaya ana lura da su amma ba a ba su ƙwayar rigakafi ba, duk wadda jininta ya yi ƙasa ƙwarai sai a fitar da ita daga gwajin a yi mata magani. Sauran kashi huɗu an ba su maganin hana zazzaɓin cizon sauro, waɗansu an ƙara musu ƙwayar ƙarin jini ta sinadarin ƙarfe, waɗansu ƙaramar ƙwayar nan folik, waɗansu duka biyun. An buga sakamakon a 1986.

Waɗanda suka sha maganin zazzaɓi jininsu ya fi tsayawa, jariransu kuma sun fi nauyi da abin da ya haura giram 100. Wani zai ce, mene ne giram 100? Ga babban mutum ba kome ba ne, amma ga jaririn da ke kan iyaka tsakanin zama da komawa, babban jari ne. Dalilin kuwa shi ne, ƙwayoyin zazzaɓi su kan taru a mabiyiya, wadda ta cikinta ne ɗa ke samun abinci. In suka cushe ta sai ɗa ya yi ta yunwa, uwar kuwa wataƙila ko ciwon kai ba ta ji ba. Mai cikin fari ita ta fi shan wannan wahala.

An kuma ga wani abin mamaki. Da aka riƙa gwada tsawon ƙananan 'yan matan da ke cikin binciken, sai aka ga da yawa daga masu shan magungunan sun ƙara tsawo suna da ciki, waɗansu santimita 2, waɗansu har 16. Ashe zazzaɓi da ƙarancin jini ne suka tauye girmansu, da aka kawar da su sai jiki ya ci gaba da aikinsa. Waɗanda suka ƙara tsawon kuwa sun fi samun haihuwa da kansu ba tare da an yi musu aiki ba.

A lura, magungunan zazzaɓin da aka yi gwajin da su, kulorokwin da wani mai suna furoguwanil, an daina dogara gare su, domin ƙwayoyin cutar sun saba da su. Wanda a ke ba masu ciki a wurin awo shi ne wanda kuka fi sani da Fansidar. Ana fara shi bayan wata uku na fari sun wuce, a sha wata-wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa, a haɗa da kwana cikin gidan sauro. Magani ya sake, amma darasin Zariya yana nan.

Inda labarin ya kai

Kafin wannan aiki, manyan ƙasashe sun san ana mutuwa wurin haihuwa a Afirka, amma ba su da lissafi mai yawa, tsararre, irin wannan. Rahoton Zariya ya shiga hannun masana da hukumomi, ya zama ɗaya daga cikin hujjojin da aka riƙa kafawa. A watan Fabrairu na 1987 aka yi babban taro a Nairobi ta ƙasar Kenya, inda Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya da waɗansu suka ƙaddamar da shirin haihuwa lafiya. Shi kuma Likita Harrison ya koma ƙasarsu ta haihuwa, ya shugabanci Jami'ar Fatakwal daga 1989 zuwa 1992.

Mu mutanen Katsina muna da shaida a ƙofar gida. A asibitin Babbar Ruga wani likita mutumin Holan, Kees Waaldijk, ya fara ɗinkin yoyon fitsari a 1984, ya yi wa dubban mata aiki. Ku tambayi matan da suka kwanta can, za ku tarar yawancinsu doguwar naƙuda ce ta jawo musu, kuma ɗan da suka sha wahalar dominsa bai zo da rai ba. Yoyon fitsari da mutuwar jariri tushensu ɗaya, shi ne jinkirin da ƙidayar Zariya ta nuna.

Goyon ƙirji

To, in an yi awo, an sha magani, amma duk da haka ɗa ya zo bakwaini fa? Amsar wannan daga wata ƙasa mai nisa ta fito, kuma a shekarun da a ke ƙidaya a Zariya. A 1978, a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, wani likitan yara mai suna Edgar Rey ya ga kwalaben da a ke sa bakwaini ba su isa ba, ana cusa biyu ko uku cikin ɗaya, suna shafa wa juna cuta. Sai ya ce a ɗora jariri a ƙirjin uwarsa, fata ta taɓa fata, a ɗaure shi da zane, ya sha ɗuminta da nononta. Aka sa wa dabarar sunan kangaru, wata dabbar Ostareliya mai goyon ɗanta cikin aljihun da ke cikinta.

An yi ta gwada dabarar shekara da shekaru. A 2021 aka buga wani babban gwaji da aka yi a ƙasashe biyar, Gana, Indiya, Malawi, Tanzaniya da Nijeriya, inda aka yi shi a Ile-Ife. An ɗauki jarirai fiye da 3,000 waɗanda nauyinsu ya kama daga kilo ɗaya zuwa ƙasa da kilo 1.8. Waɗanda aka fara musu goyon ƙirji nan take bayan haihuwa, mutuwarsu ta ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa yin haka ga kowane bakwaini, sai fa wanda ya kasa numfashi da kansa. Matanmu sun gaji goyo tun kaka da kakanni. Abin da a ke nema shi ne a juyo da goyon gaba, a cire riga tsakani, a sa masa hula da ɗan ƙyalle. In uwa ta gaji, uba ko kaka su karɓa, ba abin kunya ba ne.

Abin da ya rage gare mu

Mutanen Wurma da kewaye, da na Kurfi da Dutsin-Ma, kun san yadda rashin tsaro ya sa tafiyar dare ta yi wuya a shekarun nan. Wannan ya ƙara wa maganar Likita Harrison nauyi, gama wanda ba shi da tabbacin hanya da dare tilas ya yi shirinsa da rana. Ga abin da mu ke roƙo:

1. Mace ta fara awo da zarar ta tabbata tana da ciki, kada kunyar fari ta hana. Ana so a gan ta sau takwas kafin ta haihu.

2. Ta sha ƙwayoyin ƙarin jini kullum, ta sha na zazzaɓi a gaban ma'aikaciya, ta karɓi allurar hana sarƙewar haƙora, ta kwana cikin gidan sauro.

3. Maigida ya ba da izini tun da wuri, ya faɗa a gaban mutanen gida cewa ko ba ya nan a tafi da ita. Ya ajiye kuɗin mota, ya san wanda zai ɗauke su. Bayan an sayar da amfanin gona lokacin ware wannan kuɗi ke nan.

4. Mai cikin fari ƙarama, da mai tagwaye, da wadda ta taɓa haihuwar bakwaini, da wadda aka taɓa yi wa aiki, su haihu a babban asibiti. In da hali su koma wurin 'yan'uwa a Dutsin-Ma ko Kurfi ko Katsina in wata ya kama.

5. In naƙuda ta taso wata bai cika ba, ko faya ta fashe, ko jini ya ɓalle, a tafi nan da nan. Akwai allurar da a ke yi wa uwa don huhun ɗa ya yi saurin nuna, amma sai an isa kafin haihuwa ta ke amfani.

6. Jariri ya faɗo, a goge shi da tsumma mai tsabta, a ɗora shi a ƙirjin uwa, a rufe su tare. Kada a yi masa wanka sai ya kwana ya yini, balle da hunturu. A ba shi dakashi cikin sa'ar farko, kada a zubar, gama shi ne rigakafinsa na fari. In ba ya iya tsotso a tatsa a ba shi da ɗan kofi.

7. Kada a sa wa cibiya toka ko man goge baki, kada a gasa ta. Man cibiya da a ke bayarwa a asibiti ya isa.

8. In jariri ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi sanyi ko zafi, ko yana numfashi da sauri, ko idonsa ya yi shawara, ko yana zabura, kada a jira suna ya wuce. A kai shi a ranar.

Abu na ƙarshe, ku bari a auna jaririnku a rubuta, ko a gida aka haife shi, ko da kuwa bai zauna ba. Kun dai ji abin da rubutu ya yi a Zariya. Matan nan 22,774 ba su san za a ji labarinsu a Nairobi da Landan ba, amma da lissafinsu aka ceci waɗansu. 'Yan matanku kuma a bar su su yi karatu, domin su ne iyayen gobe.

Nan za mu dakata. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. A mako mai zuwa za mu yi magana a kan shawarar jarirai da yadda a ke gane ta da hasken rana. Mu kwana lafiya.